Yaya zan yi rawa a kan sha'awa ba tare da ta zama rawar gala ba?

"Assalamu alaikum Anti. Ni ɗaliba ce a Jos, ajin ƙarshe a fannin wasan kwaikwayo. Aikin kammala karatuna rawa ce, ni kaɗai a kan dandamali, minti 12. Abin da nake so in yi a kai shi ne yadda aka rene mu mu ɓoye duk abin da jikinmu ke ji. Tun ranar da na fara al'ada ake ce mini rufe ƙafarki, sauke idonki, har na yi aure, na zauna shekara 2 na fito, ban taɓa iya buɗe baki na gaya wa mijin abin da nake so ko abin da ba na so ba. Na gwada sau biyu na ɗauka a waya. Na farko da na kalla sai na ga kamar rawar gala, ni kaina na ji kunya. Na biyu na rage komai, sai ƙawata ta ce ita ba ta ga rawa ba, mai ciwon ciki ta gani. Ta yaya ake yin irin wannan? Kuma ina tsoron ya kai kunnen gida."

Wa alaikumus salam, ƙanwata. Maganar ƙawarki ta ba ni dariya, don ni ma an taɓa gaya mini irinta, sai dai ni cewa aka yi kamar wadda kunama ta harba. In na fahimce ki, abu biyu kike tambaya. Na ɗaya na sana'a ne: yaya jiki zai yi magana a kan sha'awa da danne ta, kada ya zama tallan sha'awar, kada kuma ya yi shirun da za a rasa gane inda ya dosa. Na biyu na rayuwa ne: yaya za ki yi wannan ki kwana lafiya a gidanku. Na fi shekara 20 ina koyar da rawar dandamali da motsin 'yan wasa a garin nan, don haka na farkon zan amsa miki da ƙarfin gwiwa. Na biyun sai dai in ba ki abin da na gani, da kuskuren da na taɓa tafkawa.

Kafin komai ga wata 'yar shawara kyauta: kada ki kuskura ki ce wa Mama za ki yi "solo". A aji kalmar na nufin rawar mutum ɗaya, amma a kunnen Bahaushe gidan solo da gidan gala Ɗanjuma ne da Ɗanjummai. Ki ce jarrabawar wasan kwaikwayo ce, kuma ba ki yi ƙarya ba.

Abin da ya ɓata gwaji na farko da na biyu

Ban ga bidiyon ba, amma kusan zan iya zana miki abin da ke ciki. Kin sa kiɗa mai bugu, ƙugu ya fara juyawa, kafaɗa ɗaya ta sauka, ido ya nemi kyamara. Ba laifinki ba ne. Duk motsin da jikinki ya sani da sunan sha'awa a wajen biki ya koye shi, da fim, da TikTok, kuma duk don idon mai kallo aka ƙera su. Abin da suke cewa shi ne "kalle ni". Mace suke nunawa a matsayin abar sha'awa. Ke kuwa labarin mai sha'awar kike so ki bayar, wadda abin ke cikinta, kuma shi daga ciki ba shi da wani kyan gani. Zafi ne a bayan wuya. Yawu ne ke ƙafewa. Numfashi ne ke tsayawa a ƙirji ya ƙi sauka, hannu ya rasa inda zai zauna, sai ya kama gyaran zanin gadon da ba abin da ya same shi. Babu ɗaya cikin waɗannan da ke bin kiɗa.

Kiɗan ma da nasa laifin. Kalangu ne ko bugun sitidiyo, da zarar ya tashi ya riga ya gaya wa 'yan kallo irin zaman da ake yi, hannu ya fara laluben aljihu don liƙi. Ko me kika ɗora a kansa, rawar biki za a gani.

A na biyun sai kika tsorata, kika kwashe sha'awar gaba ɗaya kika bar ƙuncin. Shi ya sa ƙawarki ta ga ciwon ciki, kuma gaskiya ta faɗa. Dubi tukunya a kan murhu. Ana gane tana tafasa ne daga yadda murfin ke rawa, yana ɗagawa yana komawa, tururi na tsartuwa ta gefe. A janye itacen, murfi ya zauna lafiya, babu abin kallo. A ɗauke murfin, ruwa ne kawai ke tafarfasa, kowa ya san shi. Gwajinki na farko babu murfi, na biyu babu wuta. Rawar da kike nema ta murfin ce.

A ilimin sana'ar akwai hanyar faɗin wannan. Rudolf Laban, wani masanin rawa da motsin jiki wanda ya rasu a Ingila a 1958, ya duba motsin ɗan'adam ta fuska 4: nauyinsa, lokacinsa, inda ya dosa, da yadda yake gudana. Gudanar iri biyu ce. Akwai sakakkiya, wadda in ta tashi ba a iya tsayar da ita a tsakiya, kamar wurga dutse. Akwai ɗaurarriya, wadda ake iya tsayarwa a ko'ina, kamar ratsa tsakar gida da kwanon miya cike fal. Yarinyar da aka yi wa irin renonmu gwana ce a ta biyun tun ba ta san sunanta ba. Abin da zai riƙe idon mai kallo shi ne daidai gaɓar da motsi ya tashi a sake, aka cafke shi kafin ya isa. Dole a ga tashin, a ga cafkewar, a kuma ga wane sashe na jikin ne ya yi cafkewar.

A Janairun 1930 Martha Graham, shahararriyar mai tsara rawa ta Amurka, ta yi wata rawa a New York mai suna Lamentation, wajen minti 4 ce kacal. Kusan duka a zaune ta yi ta a kan benci, cikin wani yadi mai talewa da aka ɗinke kamar buhu marar gindi, fuska da hannuwa da ƙafafu kaɗai ake gani. Tana tura gwiwa, tana tura kafaɗa, yadin na miƙewa yana maido ta. Makoki ne jigonta, amma darasin naki ne: ƙarfin da ke ciki a jikin abin da ya tare shi ake ganinsa. Akwai tsohon ɗaukarta a YouTube, ki nema. Kishiyar darasin kuma ta faru a Paris a 1912. Wani shahararren ɗan rawa, Vaslav Nijinsky, ya tsara rawa ta kimanin minti 10, a ƙarshenta ya kwanta a kan gyalen da wata ta yar, ya yi motsi guda wanda kowa a zauren ya gane. Washegari editan jaridar Le Figaro ya yi masa kaca-kaca a shafin farko, sai da mai sassaƙa Rodin ya fito ya kare shi. Yau an fi shekara 100, amma in aka ambaci rawar, waɗannan daƙiƙun ake fara tunawa. Motsi ɗaya na fili yakan haɗiye duk abin da aka gina kafinsa. In a Paris haka ta faru, ki auna Jos.

Kayan aikinki suna gida

Ɗalibai da yawa na zuwa mini da ra'ayin wai Bahaushe ba ya maganar jiki sam. Ban yarda ba. Yarinya 'yar shekara 12 a Islamiyya ta karanta hukuncin haila da janaba a Ahalari, malam yana fassarawa ko ƙifta ido ba ya yi. A hadisi ingantacce Ummu Sulaim ta zo gaban Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, ta fara da cewa Allah ba Ya jin kunyar gaskiya, sannan ta yi tambaya a kan mafarkin mace, aka kuma ba ta amsa. Shiga cikin gida ranar biki bayan maza sun fita, a kifa ƙwarya a ruwa a fara amada, ki ji abin da tsofaffi ke faɗa da bakinsu. Marigayiya Barmani Choge ta Funtuwa, wadda ta rasu a 2013, da irin wannan fage ta yi suna. Ga masu kayan mata, ga masu gyaran amarya da dilka da turare. Maganar jiki tana nan birjik. Amma ki lura da siffarta: ko dai hukunci ce, ko wasa da habaici a cikin taro, ko dabarar yadda za a gamsar da miji. Gurbin da babu kowa a ciki shi ne mace ɗaya ta ce "ni, ga abin da nake ji", da sunan kanta, ba da wasa ba. Nan rawarki take, shi ya sa ma ta dace da mutum ɗaya.

Da na karanta inda kika ce shekara 2 ba ki iya buɗe baki ba, sayen baki ne ya faɗo mini. An kai amarya tana lulluɓe, ba ta magana sai abokan ango sun biya ƙawayenta. Wasa ne mai daɗi, ni ma an sayi nawa. Amma an biya kuɗin, ƙawaye sun watse, an ja ƙofa, bakin da aka shekara goma ana koya wa rufuwa ana so ya buɗe a dare ɗaya. Da ni ce ke, a wannan ɗakin zan kafa rawar, a bakin gadon nan, cikin minti 12 na bayan fitar ƙawaye.

Sai dai ki yi hattara, kada ki mai da kunya abokiyar gaba. Kunya tamu ce, kuma tana da gwaninta: yadda uwa ke kauce wa sunan ɗan fari, yadda ake durƙusawa a gai da suruka, yadda budurwa ke kallon ƙasa alhali ta ga komai. Akwai ma jan hankali a cikinta wanda tsiraici bai kamo ƙafarsa ba, duk wadda ta taɓa zance a zaure ta sani. In kika zage ta, matan da ke zaune a gabanki za su ji iyayensu kika zaga, su rufe zuciyarsu. Yadda nake raba su a aji shi ne, kunya kamar mayafi take, kina yafawa in za ki fita, kina ajiyewa in kin dawo. Danniya ita ce wadda ba ta ajiyuwa. Ki kulle ɗaki, ki rufe taga, ki zauna a ƙasa ki ware ƙafa, ki yi dariya baki buɗe har dasashi ya fito, ki ɗora tafin hannu a kan mararki ki bar shi nan ki ƙirga 30. Duk abin da jikinki ya ƙi yi alhali ba mai ganinki, ko ya yi amma wuyanki ya juya ya duba ƙofa, shi ne kayan aikinki.

A ɗakin rihazal

Shekarun baya na yi wata ɗaliba, ita ma irin jigonki ta ɗauko. Mako 3 tana kawo mini manyan motsi, faɗuwa, birgima, miƙa hannu sama kamar mai roƙon ruwa, duk na aro. Ina zaune a benci ina kallo, sai na lura da abin da take yi tsakanin motsi da motsi, lokacin da take zaton ba rawa take ba. Duk sanda ta tashi daga ƙasa, hannunta na hagu zai zo da kansa, yatsu biyu su kama bakin rigarta ta baya su ja ƙasa, sannan babban yatsa ya bi wuyan rigar ya tabbatar bai zame ba. Ba ya kai daƙiƙa 2. Na ƙirga sau 14 a rihazal ɗaya. Da na gaya mata musu ta yi, sai da na nuna mata a waya. Muka zubar da birgimar duka. Rawar ta koma ta hannu biyu: na dama yana son zuwa wani wuri, wuya, gashi, cinya, na hagu yana biye da shi yana gyara ɓarnar da ya yi, da farko a hankali kamar uwa, daga baya da fizga, daga ƙarshe ya damƙe wuyan hannun daman har jijiya ta tashi. Ko ɗankwali ba ta cire ba. Ranar gwajin ƙarshe wata dattijuwa mai shara a wurin ta tsaya a bakin ƙofa da tsintsiyarta har aka gama. Ba ta ce komai ba. Da za ta juya sai hannunta ya ja bakin zaninta ƙasa, ta ga na gan ta, muka kwashe da dariya mu biyu.

Don haka aikinki na farko takarda da biro ne. Ki rubuta duk umarnin da aka taɓa ba jikinki, da lafazin wanda ya faɗa. "Gyara zamanki." "Ja mayafinki." "Wa ya koya miki wannan tafiyar?" "Mace ba ta dariya haka." Kowanne ki faɗe shi da ƙarfi, ki tsaya ki ji inda ya sauka. Wani a cinya yake zaune, sai su matse. Wani a muƙamuƙi. Wani a tsakanin allon kafaɗa, ya tanƙwara ki don ƙirji ya ɓuya; 'yan matan da suka riga sa'o'insu girma da wuya ki ga wadda ba ta da wannan ɗan doron. Ki zaɓi 4 ko 5, kada su wuce haka. Minti 12 ba ya ɗaukar tarihin rayuwa.

Sannan ki nemo wutar. Wannan ya fi wuya, kuma a nan dabarar Germaine Acogny ke taimakona. 'Yar Senegal ce da aka haifa a Jamhuriyar Benin a 1944, ta jagoranci makarantar rawa ta Mudra Afrique a Dakar daga 1977 zuwa 1982, daga baya ta kafa tata makarantar, École des Sables, a Toubab Dialaw a bakin teku, a 2021 kuma aka ba ta kyautar Zakin Zinare ta rawa a Venice. Komai nata daga gadon baya yake tashi, kuma ta raɗa wa sassan jiki suna: ƙirji rana, ɗuwawu wata, mara taurari. Ɗalibar da in na ce "motsa ƙugunki" za ta sandare ko ta fashe da dariya, in na ce "bar wata ya zagaya" sai ki ga ta yi. Ki fara kwance a ƙasa, ki bar numfashi ya sauka har mara, ki bar motsin ya hau gadon baya ƙashi bayan ƙashi. Ƙanƙane ne, kuma ya isa. Da ya kai kafaɗa sai ɗaya daga cikin umarnin nan ya sauko masa. Ki maimaita. Karo na farko 'yan kallo ba su lura ba, na uku sun gane, na bakwai sun fara jin haushin hannun nan. Kowane zagaye ki canza abu ɗaya kawai, ko sauri, ko nauyi, ko nisan da motsin ya samu kafin a kama shi.

Ido shi ne inda ake yawan faɗuwa. In kika kalli mutane kina motsa jiki, gayyata ce. In ba ki kalle su sam ba, kin ba su lasisin leƙe. Nelisiwe Xaba ta Afirka ta Kudu ta yi rawar mutum ɗaya a kan Sara Baartman, matar da aka kai Landan a 1810 ana nuna jikinta ana karɓar kuɗi, ta rasu a Paris a 1815, ba a mai da ragowar gawarta gida ba sai 2002. Aikin kan masu kallon ya juya, har mutum ya tsargu da zamansa a kujera. Abin da nake gaya wa ɗalibai shi ne ki tanadi kallon ki kashe shi sau ɗaya. Ki yi minti 9 ido a ƙasa ko a bango, sannan ki tsaya cak, ko yatsa kada ya motsa, ki ɗago ki dube su ɗaya bayan ɗaya kamar mai ƙirga waɗanda suka zo.

Sauti kuwa, numfashinki ya isa, da sakatar ƙofa, da hayaniyar 'yan biki tana nisa tana raguwa. Ni abin da na fi so awarwaro ne. Ki sa su a hannu biyu ki yi ta ƙoƙarin kada su yi ƙara, duk motsin da kika yi su tona ki. Fitila ɗaya daga gefe, ki tanadi mai caji, kin san halin wutarmu. Atamfa ba ta talewa, tana ɓoye aikin gadon baya. Ki nemi yadi mai roba mai kauri a kasuwar Taminus, ki haska shi da fitilar ki ga ba ya nuna fata kafin ki kai wa tela.

Sai roƙo ɗaya: kada ki yi rawar cire hijabi. Na ga an yi ta ba sau ɗaya ba ba sau biyu ba, a yi ta kokawa da hijabi, a ƙarshe a tuɓe a jefar a ɗaga hannu sama. Araha gare ta, kuma a labarinki ƙarya ce, don ba da hijabi kika kwana a ɗakin mijinki ba, amma bakin bai buɗe ba. Ga kuma garin da muke. Tun rikicin Satumban 2001 Jos ta rabu unguwa-unguwa, kowa na kallon kowa da fassararsa a aljihu. A zauren da Musulmi da Kirista ke zaune tare, rawarki za ta tashi daga labarin mace ta koma hujjar "ga yadda suke yi wa matansu", naki kuma su ce kin sayar da su. Alhali abokan karatunki da suka tashi a coci, 'ya'yan matan zumunta, su ma da "rufe ƙafarki" aka rene su, wasu ma da Hausa. Tambaye su ki sha labari. In kika tsaya a kan hannu da numfashi da muƙamuƙi, kowacce za ta ga kanta.

Ƙarshen rawar kuma, kada ki 'yanta kanki don a tafa. In a rayuwa ba ki kai can ba, jiki zai yi ƙarya kuma za a gani. Baki ya buɗe, iska ta shiga, fitila ta mutu kafin sauti ya fito, wannan ma ƙarshe ne.

Maganar gida da waya

Yanzu ga kuskurena. Wata shekara na shirya wa ɗalibai nuni a wani zaure a cikin gari. Na bar ƙofa a buɗe ga kowa, ban ce a ajiye waya ba, don a ganina aikin tsaf yake babu abin kunya. Ɗaya daga cikinsu tana da wani wuri da take kwance rigingine tana numfashi da ƙarfi, a cikin rawar kowa ya san mugun mafarki take yi. Wani ya yanki daƙiƙa 20 ɗin nan kaɗai, ya ɗora musu waƙa, kafin Juma'a sun zaga WhatsApp sun isa wayar yayar wanda zai aure ta. Aka ɗaga bikin, daga baya aka fasa. Ta gama karatunta, amma ba ta sake hawa dandamali ba, kuma har yau in muka haɗu a kasuwa ni ke fara sunkuyar da kai. Ni ce babba, ni ya kamata in hango.

Irin wannan rawa ma'anarta a jere take, minti na 9 ba ya tsayuwa sai da na 1 zuwa na 8. Ita kuwa waya yanka take yi. Ki tuna a Oktoban 2016 ƙungiyar masu shirya finafinai ta MOPPAN ta kori Rahama Sadau daga Kannywood a kan runguma a bidiyon wata waƙar mawaƙi ClassiQ, ita da ke da suna da masoya ke nan. Filato ba ta cikin jihohi 12 da ke aiki da shari'ar Musulunci a fannin laifuka, hukumar tace finafinai ta Kano da aka kafa a 2001 kuma ba ta da iko a nan. Amma bidiyo bai san iyakar jiha ba, kuma kotun da ta fi saurin zama ita ce guruf ɗin dangi. Maza masu karanta wannan, ku ma ba ku tsira ba, namiji ya tausasa wuyan hannu sau ɗaya a dandamali an kira shi ɗan daudu. Wanda kuma jigonsa ya taɓa soyayyar jinsi ɗaya ya sani dokar da aka sa wa hannu a Janairun 2014 ta tanadi ɗaurin shekara 10 ga nuna irinta a fili, ya ga lauya kafin ya ga tela.

Shawarata, jarrabawar ta zama a rufe: malamai masu ba da maki, da waɗanda kika gayyata da sunansu. Wayoyi a kwando a bakin ƙofa, wata ƙawa mai tsaurin ido ta tsaya a kai. In sashenku na buƙatar bidiyo don ajiya, kyamara ɗaya daga nesa, ta ɗauki jiki duka da rawar duka, ku kuma rubuta da malamin da ke duba aikinki a hannun wa zai zauna. Kafin ranar, ki yi nuni na mata zalla a falon wata, ko mutum 15 ne. Wannan fagen al'adarmu ta riga ta share shi, a cikinsa amada ta rayu, kuma ba za ki sami masu gyara irinsu ba, ba sa ɓoye hamma. Fagen fili irin bikin wasan kwaikwayo da ƙungiyar Jos Repertory Theatre ke shiryawa, ko cibiyar al'adun Faransa a Abuja, ki bar shi sai aikin ya kwana biyu, kin ga yadda ya zauna a jikinki. A Abuja za a tafa miki, amma wani tafin na tausayin 'yar Arewa ne, ba shi kika zo nema ba.

Kada gida su ji a bakin wani. Ki nemi mutum ɗaya da ake jin maganarta, Yaya ko Gwaggo ko ƙanwar Mama, ki kawo ta rihazal ta gani da idonta daga farko har ƙarshe. Ranar da magana ta tashi, "ina wurin, na gani" ya fi duk bayanin da za ki yi. Kuma ke bazawara ce, kin san idon da ke kanki ya ninka na budurwa. Ba adalci ba ne, amma da shi za ki yi lissafi. Tsohon mijinki kuma kada a gane shi a ciki, ba muryarsa, ba tafiyarsa, ba hularsa. Da an gane shi, rawa ta zama ƙara, danginsa kuma su zo ba da amsa.

Abu biyu sun fi ƙarfin sana'ata. Hukuncin addini na malamai ne. Sun yi magana mai yawa a kan rawar mace gaban mazan da ba muharramanta ba, kuma ba zan yi miki ƙaryar cewa sunan fasaha ya ɗauke wannan ba. Ki je wajen malamar da kika amince da iliminta, ki kwatanta mata ainihin abin, suturar da masu kallon da motsin. Na san ɗaliban da suka zaɓi mata zalla saboda wannan, kuma aikinsu bai ragu da komai ba. Na biyu, in kina cikin aikin wani abu ya taso wanda ya wuce kunya, abin da aka yi miki da ƙarfi a gidan aure ko kafinsa, za ki gane: jiki ya yi ta kyarma bayan rihazal, barci ya ƙaura, ki ji kamar kina kallon kanki daga gefe. Ki dakata. Ɗakin rihazal na iya buɗe wannan ƙofar amma bai iya rufe ta ba. Akwai sashen kula da lafiyar ƙwaƙwalwa a asibitin koyarwa na Jami'ar Jos, JUTH, ki je, maki zai jira. Ko ba haka ba ma, ranakun aikin numfashin nan a sami wata a ɗakin tare da ke, ko da tana gefe tana tsifar kai ne.

Ki ba kanki mako 8: 2 na rubutu da gwajin ɗaki, 4 na gini, 2 na maimaitawa cikin suturar da fitilar. In nunin ya faɗo lokacin sanyi, simintin Jos da safe ba ya wasa, ki ɗumama jiki minti 20 kafin ki kwanta a kai, ki ɗaura wani abu a gwiwa a ƙarƙashin kaya. Gwaji na uku ki kafa wayar nesa, ki bar ta tana ɗauka har lokacin hutu da shan ruwa, sannan ki zauna ki kalli wuraren da kike zaton ba rawa kike ba. Ki rubuto mini abin da hannunki na hagu ya yi.